Daga Zauren Malam: Yadda Na Koyi Harshen Danmak A Kwanakin Kulle

 

A watan jiya wasiƙu biyu suka zo mini, kukansu kuwa iri ɗaya ne. Ta fari daga wani saurayi ce, wanda ya gama makaranta shekara biyu ke nan bai sami aiki ba. Ya ce wayewar gari da faɗuwar rana duk ɗaya ne a gare shi. Ta biyu daga wata uwa ce wadda ta karye a ƙafa, watanta uku a kwance. Ta ce da fari 'yan zumuntar mata suna zuwa kullum, amma yanzu ƙafa ta ɗauke, ba mai leƙa ta sai kaji. Dukansu biyu tambayarsu ɗaya: "Malam, yaya zan yi da kaina?"

Ba zan amsa musu daga littafi ba. Zan ba da labarin abin da ya same ni ne, gama ni ma na taɓa shan wannan ruwa.

Yadda kulle ya same ni

Kun tuna da shekarar 2020, shekarar cutar korona. A watan Maris aka rufe makarantu. Uwargida ta kwashi yara suka tafi Numan, a jihar Adamawa, su gai da mahaifiyarta, da nufin su yi mako biyu. Ba su daɗe da tafiya ba aka rufe iyakokin jihar Kano. Ranar 16 ga Afrilu gwamnatin jiha ta hana fita, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara wa'adin. Ba makaranta, ba sujada a majami'a, ba kasuwa sai ranakun da aka ɗaga ƙafa. Aka bar ni ni kaɗai a gida a nan Ungogo.

Maƙwabtana yawancinsu manoma ne. Su dai suna da sharar gona da kai taki, suna jiran ruwan shuka. Ni kuwa gonata aji ce, an kuwa sa mata kwado.

Makon fari na ji daɗi, na ce hutu ya samu. Mako na biyu na fara barci da rana, da dare in kwana ido biyu. Rediyo ba ta da labari sai na mace-macen da aka yi ta yi a birnin Kano a ƙarshen Afrilu. Na daina aski, na daina hura wuta, sai gari da ƙuli. Addu'ar safe ta yi ta raguwa har ta koma "Ubangiji ka taimake mu" kawai, ina kwance. Wata rana uwargida ta buga waya tana tambayar lafiyata, na hau ta da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da na ajiye wayar na ji kunyar kaina.

Ana cikin azumin Musulmi a lokacin. Wata rana da yamma maƙwabcina ya aiko yaro da kunu da ƙosai, shi kuma ya leƙo ta kan katanga.

Ya ce, "Malam, kwana biyu ban ji motsinka ba. Lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya lau, Alhaji. Zama ne kawai."

Ya ce, "Ai zama ma ciwo ne, Malam. Ka nemi abin yi, ko da tufkar igiya ce."

Maganar nan ta shige ni. Kashegari na tashi na kama sharar ɗaki. A ƙarƙashin gado na jawo akwatin ƙarfe na uwargida, a ciki kuwa na ga wani ɗan littafin rubutu wanda ta taɓa nuna mini, takardunsa sun yi ja don tsufa. Na kakarta ne. Sa'ad da kakar tana budurwa ta yi aiki a gidan wata Baturiyar Mishan a Numan. A bakinta Baturiyar ta riƙa gyara Hausarta, tana rubuta kalmomi cikin littafin nan, Hausa a hagu, harshensu a dama. Da za ta koma ƙasarsu sai ta bar mata shi abin tunawa. A gefen waɗansu shafuka akwai 'yan layuka da ta rubuta da harshensu zalla, ba kuwa wanda ya taɓa karanta su a danginsu duka. Harshen nan shi ne harshen Danmak.

Me ya haɗa Danmak da Numan?

Danmak ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, tana iyaka da Jamus. Mutanenta wajen miliyan 6 ne, ba su kai mutanen jihar Kano yawa ba. A shekarar 1911 waɗansu Kiristan ƙasar suka kafa reshensu na Mishan ɗin SUM. A 1913 suka aiko da mutum uku: Likita Niels Bronnum, da matarsa Margaret, da wata nas mai suna Dagmar Rose. Suka fara sauka a Rumasha, a bakin kogin Binuwai, don su koyi Hausa. A can Margaret ta haihu, ta rasu. Dagmar Rose ta ɗauki jaririn ta koma Turai da shi. Likita Bronnum ya ci gaba shi kaɗai, ya isa Numan, inda Gongola ta haɗu da Binuwai, a watan Oktoba na shekarar. Ya zauna cikin Bachama ya koyi harshensu, har a 1915 aka buga Bishara ta Markus da Bachamanci.

Daga wannan ƙaramin iri ne ikilisiyar LCCN ta tsiro. A 1948 aka naɗa fastoci biyar na fari 'yan ƙasa. A 1973 Akila Todi ya zama bishop na fari. A 2017 aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus shugaban tarayyar Lutheran ta duniya duka, da ya gama a 2023 kuma ya miƙa wa wani bishop ɗan Danmak, Henrik Stubkjær. Ku dubi ikon Allah. Da yake kabilun wannan yanki suna da yawa, Bachama da Mbula da Lunguda da Kanakuru da sauransu, Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da majami'a. Shi ya sa Turawan Danmak ɗin da suka zo suka duƙufa a kan koyonta.

Na zauna a bakin gado da littafin a hannuna, na ce a raina: matar nan ta bi ta littafin nan ta shigo Hausa, ni kuma zan bi ta cikinsa in shiga harshensu, in ji abin da ta rubuta a gefe. Wani zai ce, "Malam, me ya hana ka sa waya ta fassara maka nan take?" Gaskiya ne, tana iyawa. Amma da na yi haka, da aikin ya ƙare cikin minti goma na koma kan tabarmata. Ba fassara nake bukata ba, aiki nake bukata.

Gemu ba ya hana ilimi, amma yana shan wuya

Na tsara wa kaina lokaci kamar na makaranta. Da asuba addu'a da wanka da karyawa. Ƙarfe 8 in zauna a zaure da riga a jikina, kamar mai zuwa aji. Awa ɗaya ina haddace kalma goma daga littafin Baturiya. Awa ɗaya ina bin darasi a waya cikin manhajar Duolingo, wadda ke koyar da harshen ta hanyar Ingilishi. Da yamma in buɗe Bishara ta Markus, ta Hausa a cinyata, ta harshen Danmak a waya, in bi aya biyar, ba ƙari ba ragi. Da yake na san labarin, kalmomin sukan fito da kansu. In caji ya ƙare, in koma ga fensir da takarda.

Waɗansu abubuwa sun zo mini da sauƙi. Yadda muke cewa gida da gidan, ko mota da motar, haka su ma suke liƙa ɗan ƙari a wutsiyar kalma: hus da huset, bil da bilen. A nan Bahaushe ya fi Baturen Ingila saurin ganewa. Suna kuma da yawan godiya kamar mu. Tak ita ce na gode. Yaro in ya gama cin abinci sai ya ce wa uwarsa tak for mad, watau na gode da abinci. In ka sake gamuwa da wanda kuka zauna tare kwanan baya sai ka ce tak for sidst, kamar dai yadda muke ban gajiya.

Amma wuyar ta fi yawa. Haruffansu 29 ne, uku na ƙarshe, æ da ø da å, ba mu da su. Abin da suke rubutawa dabam, abin da suke faɗa dabam. A rubuta jeg, watau ni, a ce "yai". Rabin kalma a haɗiye take tafiya, har maƙwabtansu na Nowe da Suwidin suna yi musu ba'a, wai da dankali a baki suke magana. Akwai kuma wani ɗan tsaiko da suke yi a maƙogwaro, suna ce da shi stød, ya yi kusa da wanda muke yi a tsakiyar sa'a ko jama'a. Shi ne ke raba hun, watau ita, da hund, watau kare. In ka yi sake sai ka zagi matar mutum ba ka sani ba.

Ƙidayarsu kuwa sai da ta sa ni ciwon kai. Daga hamsin zuwa casa'in da ashirin-ashirin suke lissafi. Sittin tres ce, watau ashirin sau uku. Tamanin firs, ashirin sau huɗu. Hamsin kuwa halvtreds, watau ashirin sau biyu da rabi. Ina cikin gunaguni sai na tuna kakanninmu masu ƙirga wuri su ma sukan ce hauya uku su nufi sittin. Ashe ba wanda ya fi wani wayo.

Ni da nake tsawata wa yara in sun manta darasin jiya, sai ga ni ina manta kalma ɗaya sau bakwai. Tun daga lokacin hannuna ya yi sanyi da bulala.

Abin da ke rubuce a gefen shafi

Bayan mako uku na ce bari in gwada layin fari. An rubuta: Jeg forstaar intet. Na nemi kalmar tsakiya a ƙamus na rasa. Kwana biyu ina fama kafin in gane dalili. A shekarar 1948 gwamnatin Danmak ta gyara ƙa'idar rubutu. Inda dā ake rubuta aa aka koma rubuta å, aka kuma daina fara kowane suna da babban baƙi. Baturiyar da tsohuwar ƙa'ida ta yi makaranta. Da na gyara, ma'ana ta fito: Ban gane kome ba.

Na yi dariya ni kaɗai a zaure, na ce, "Sannu, 'yar'uwa, mun zama biyu."

A shafin da ta rubuta gari sau biyu, na zama da na tuwo, da kuka sau biyu, ta miya da na hawaye, ta sa a gefe: I Dag græd jeg. Yau na yi kuka. A gaban kalmar sannu ta jera ma'ana biyar, ta bi su da alamar tambaya. Can gaba kuma: Hun lo ad mig, og saa lo jeg med. Ta yi mini dariya, sai ni ma na taya ta.

Nan na ajiye fensir. Mu da muka tashi muna jin labarin Turawan Mishan, mukan ɗauka da Hausa a baki aka haife su. Ban taɓa tunanin mace ita kaɗai cikin zafin Numan, nesa da uwa da uba, tana kuka a kan gari da gari ba. Ita ma kaɗaici ya ci ta. Abin da ya fisshe ta kuwa shi ne kalma goma a rana, da wata yarinya mai yi mata dariya.

Layin ƙarshe yana bangon littafin daga ciki, an rubuta shi da kyau, ba kamar sauran ba: Tak for din Taalmodighed. Na gode da haƙurinki.

Na buga wa uwargida waya na faɗa mata. Ta ce, "Malam, ga Mama, ka faɗa mata da bakinka." Kun san kunyar suruka, amma na daure.

Na ce, "Mama, ina wuni. Saƙo ne gare ni, na Kaka, ya daɗe a hanya."

Na karanta mata layukan ɗaya ɗaya. Ta yi shiru har na zaci waya ta yanke. Can ta ce mahaifiyarta takan ba su labarin Baturiyar da ke ɓuya a bayan madafa tana kuka, su kuwa suna zaton labarin mutuwa ne ya zo mata daga gida. Ta ce, "Ashe Hausa ce ta sa ta kuka!" Ta yi dariya, muryarta tana rawa. Sa'an nan ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Tsohuwa ta riƙe littafin nan har ta mutu, ba ta san godiya aka yi mata a ciki ba."

Daren nan na yi barci har gari ya waye.

Ba ni na fara ba

Da na waiwaya sai na ga a gidanmu ma an taɓa yin haka. Ba nisa da inda nake zaune akwai Yadakunya, asibitin kutare wanda Mishan ɗin SIM ta karɓi riƙonsa a ƙarshen shekarun 1930. A can aka keɓe kakana na wajen uba shekaru da dama, nesa da dangi. A can kuma ya koyi karatun boko, yana riƙe alli da yatsun da suka rage masa. Da aka sallame shi ya koya wa mahaifina, mahaifina ya koya mini. Allon da nake tsayawa a gabansa yau, daga kaɗaicin tsohon nan ya fito.

Littafi Mai Tsarki ma ya nuna mana hanyoyin nan biyu. A 2 Sama'ila sura 11, Dawuda ya zauna a gida lokacin da ya kamata ya fita, zaman banza ya kai shi kan soro, soro ya kai shi ga zunubi. A 2 Timoti sura 4 kuwa, Bulus yana kurkuku, ya san ajalinsa ya kusa, amma ya aika a kawo masa littattafansa. Ku duba kuma Iliya a 1 Sarakuna sura 19, sa'ad da ya gaji da rai yana ganin shi kaɗai ya rage. Ubangiji bai fara da tsauta masa ba. Ya ba shi abinci, ya bar shi ya yi barci, sa'an nan ya ba shi aiki, aikin kuma ya kai shi wurin mutum, watau Elisha.

Inda na yi tuntuɓe

Kada ku zaci labarin ya ƙare da yabona. A farkon Yuli aka buɗe hanya, iyalina suka dawo. A lokacin ina cikin sura ta 9 ta Markus, kaina ya kumbura. Yara suna so su ba ni labarin kogi da kifi, ni kuwa ina zaure da littafi ina cewa a yi mini shiru. Abin da ya zama mini magani ya fara zama maɓoya.

Bayan mako guda uwargida ta kawo mini abinci, ta zauna a bakin tabarma, ta ce, "Malam, in yi magana?"

Na ce, "Ina jinki."

Ta ce, "Baturiya ta bar ƙasarsu ta koyi Hausa a bakin kakata. Kai kuma cikin wata biyu ka koyi harshen Baturiya. Madalla. To, harshen kakar tawa fa, wanda nake yi wa 'ya'yanka kullum a cikin gidan nan? Shekararmu goma sha huɗu tare, ko gaisuwa ba ka iya ba."

Ban sami abin cewa ba. Na tsallake teku neman harshe, ga wani a tsakar gidana ban taɓa tanka masa ba. Tun daga ranar na sayi sabon littafin rubutu, Bachamanci a hagu, Hausa a dama. Yanzu ita ce malama. Tana yi mini dariya, ni ma ina taya ta. Harshen Danmak ban yar da shi ba, ina karanta shi a hankali da ƙamus, ko da yake in ɗan ƙasar ya yi magana da sauri sai in koma layin fari na Baturiya.

Amsata ga masu wasiƙa

Na ɗaya, ka tsai da lokaci. Tashi, ka yi addu'a, ka yi wanka, ka sa riga, ko da ba inda za ka. Ranar da ba ta da ƙofa, Shaiɗan ba ya bukatar sallama.

Na biyu, ka zaɓi abu mai ɗan wuya, ka ɗauke shi kaɗan kaɗan. Latsa waya da karta suna cinye lokaci, amma da dare za ka iske hannunka wofi. Kalma goma a rana, a wata guda ɗari uku ke nan. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, wanda ya fi duka: ka tabbata akwai mutum a ƙarshen aikin. Ba harshen Danmak ne ya warkar da ni ba. Ya kai ni ne wurin wata baƙuwa da ta riga mu gidan gaskiya, da surukata, daga baya kuma wurin matata. Kai saurayi, ba sai ka je Turai ba. Ga Fulatanci a bakin maƙwabcinka, ga Faransanci da zai yi maka amfani a kasuwar Maraɗi, ga yaran unguwa da ba su iya haɗa baƙi ba. Ke kuma Mama, ki kira jikokinki su zauna a bakin gadonki. Ki koya musu harshen iyayenki da tatsuniyoyinsu, su kuma su riƙa karanta miki Zabura. Ki rubuta sunayen mutum bakwai, kowace rana ki yi wa ɗaya addu'a, ki aika a gaya masa.

Na huɗu, kada ka ɓoye. In baƙin ciki ya yi nauyi har abinci da barci sun gagara, ko ka fara jin rai ba shi da amfani, ka faɗa wa fasto ko dattijon ikilisiya yau ɗin nan, ku tafi wurin likita. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ba rashin bangaskiya ba ne.

Ku kuma da Allah ya ba ku lafiya da aikin yi, ku tuna zumunta a ƙafa take. Maƙwabcina bai yi mini wa'azi ba. Ƙosai ya aiko, ya leƙo ta katanga. A cikin makon nan ku tambayi juna a lokacin addu'ar iyali: wane ne a ikilisiyarmu ko unguwarmu muka kwana biyu ba mu ji motsinsa ba? In kun tuna da shi, kada ku bari Lahadi ta zo ba ku je ba.

Ubangiji ya ta'azantar da dukan waɗanda ke zaune su kaɗai, ya ba su aikin hannu da abokin zance. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naku cikin Almasihu,
Malam, daga Ungogo